Shawarwari ga Masu Kiwon Kifi a Gida: Tsaftar Ruwa da Lafiyar Kifi

Tambayoyin da suka iso mana a wannan karon daga ƙauyukan Kano da Jigawa sun fi karkata ga mutuwar kifi a tankunan cikin gida, kuma kusan dukkansu tushensu ɗaya ne, wato lalacewar ruwa.

Wani manomi daga yankin Kura ya ce tarwaɗarsa tana tsayuwa a saman ruwa da asuba, gashin bakinta a waje, ruwan yana kumfa yana wari, kuma ya zuba magani har sau biyu amma mutuwar ba ta tsaya ba.

Malam, ka ajiye maganin nan tukuna, domin alamomin da ka lissafa na ruwan da ya gurɓace ne. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa a ƙasan tanki, su cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, sannan su fitar da gubar amoniya wadda ke ƙona gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su, kuma wannan guba tana ƙara ƙarfi idan ruwa ya yi zafi, kamar yadda yake yi a nan daga Maris zuwa Mayu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka takan jure ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya, mai ita yana ganin lafiya lau ne alhali ta daina girma. Ka dakatar da abinci na kwana ɗaya ko biyu, ka buɗe bututun ƙasa domin daga can dattin yake taruwa, ka zubar da rabin ruwan ka cika da sabo. Daga nan ka riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu ko uku, ka ƙara yawan sauyin gwargwadon girman kifin. Kada ka zubar da ruwan gaba ɗaya da tsakar rana, domin sauyin zafi farat ɗaya yana galabaitar da kifi; a yi aikin da sassafe ko da yamma.

A kan abinci kuwa, a ganina nan ne aka fi yin ɓarna, kuma cikin kyakkyawar niyya ake yin ta. Kifin da ya fara tasawa yana buƙatar kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa a rana, a raba safe da yamma. Ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan kana tsaye, da zarar ka ga sun rage rububi sai ka tsaya. Idan hanjin kaji kake ba su, ka tafasa shi, ka kuma tsame duk abin da suka bari. Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, cin kifi yana raguwa saboda sanyi, don haka wanda ya ci gaba da zuba abinci kamar na bazara kuɗinsa yake mayarwa guba.

Wata baiwar Allah daga Ringim ta gina sabon tankin siminti a bayan ɗakinta, tana tambaya ko za ta iya zuba ’ya’yan kifi da zarar ya bushe.

Hajiya, ki yi haƙuri da gaggawa. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke kashe ƙananan kifi nan take. Ki cika tankin da ruwa, ki jefa busasshiyar ciyawa ko taki a ɗaure cikin buhu, ki bar shi kamar mako biyu, sannan ki zubar, ki goge bangon da buroshi ba tare da sabulu ko omo ba, ki ɗauraye sosai. Kafin ki zuba duka, ki gwada da kifi kaɗan na kwana biyu. Ruwan rijiyar burtsatse yana da kyau, amma iskarsa kaɗan ce, saboda haka a bar shi ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama. Na famfo kuma, idan an sa masa kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya kwana biyu a buɗe kafin a yi amfani da shi. Ki yi wa tankin rumfar zana a kan rabinsa, amma kada ki bari ganyen bishiya ya riƙa zuba ciki. Tunda cikin gida ne, ki rufe shi da raga mai ƙarfi saboda shirwa, kuma mafi muhimmanci saboda yara ƙanana.

Tambaya ta ƙarshe daga Haɗeja take, a kan ruwa mai launin kore da kuma kifin da ke da rauni a jiki. Kore mai haske ba laifi ba ne, amma idan ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ga tafinka ba, to ya yi kauri, kuma da dare zai shanye iskar ruwan. Raunukan kuwa galibi daga cunkoso ne da cizon juna, domin babbar tarwaɗa tana cin ƙarama, shi ya sa ake ware su bisa girma duk bayan mako biyu a watannin farko. Gishirin gida, kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000 na ruwa, yana taimaka wa rauni ya warke. A cire mataccen kifi nan da nan a binne shi. Idan mutuwa ta ci gaba bayan an gyara ruwa, a nemi malamin gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin bunƙasa aikin gona na Kano da Jigawa, ko likitan dabbobi kafin a sayi kowane magani. Ruwan da ake zubarwa kuma kada a sake shi a lungu ya tara sauro ya dami maƙwabta. A ja shi zuwa gindin zogale ko fangalin alayyahu, domin taki ne mai kyau.