Wuƙa ta yanke ni, an ce in zuba man birki

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Ranar Lahadi ina fere kabewa wuƙa ta zame ta yanke ni a babban yatsa, jini kamar an kunna famfo, gashi maigidan baya nan. Maƙociyata tace in zuba toka, ƙanin mijina kuma yace ai man birki ne ke tsaida jini nan take. Ni dai na rikice na cusa tokar na ɗaure da tsumma. Yau kwana 3 wurin ya kumbura sai zugi yake. Ya zan yi? Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu Allah ya sawwaƙe. Wannan yatsan dai ya wuce aikin gida, kumburi da zugi bayan kwana 3 alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga, yau ɗin nan ki je asibiti mafi kusa a wanke miki, kuma ki faɗa musu kin sa toka, kar ki ji kunya. Ki tambayi allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take zama, tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, ciwon da ya yi datti kuma in allurarki ta ƙarshe ta wuce shekara 5 ana sake yi.

Toh sai batun gaba. Abin da ke tsaida jini yana jikinki tun farko, hannunki ne. Ki samu ƙyalle mai tsafta, ko ɗankwali wankakke, ki danne bakin ciwon da ƙarfi ki ɗaga hannun sama da ƙirjinki, minti 10 cif, ki duba agogon waya. Inda mutanenmu ke kuskure kenan, minti ɗaya an ɗaga ana leƙawa "ya tsaya?", alhali duk ɗagawar da kika yi kin ɓare gudan jinin da ya fara toshe wurin, an koma farko. In ƙyallen ya jiƙe kar ki cire, ɗora wani a kai ki ci gaba da dannewa. In akwai zobe a yatsan a zare shi tun kafin ya kumbura.

Jini na tsayawa sai wanki. Ruwa mai tsafta ki kwarara sosai, ledar fiya wata biyu ko uku ma ta yi, ki huda gefe ki matsa ruwan ya fito da ƙarfi ya kore datti, sabulu a gefe-gefe kawai. Sifirit a cikin ciwo azaba ce kawai, yana ƙona naman da ke son haɗewa. Ki tsane, ki shafa ɗan basilin, ki rufe da filasta ko bandeji, kullum a canza.

Man birki kuwa, wallahi ban san wa ya fara koya wa kanikawa wannan ba, sinadari ne da ke ɓare fentin mota, ina ga ɗanyen nama? Haka fetur, garin batir, ƙasa, yanar gizo-gizo, duk ki bar su.

Akwai yankan da ba a zama da shi ko na awa ɗaya: jinin da ke tsartuwa ko ya ƙi tsayawa bayan dannewar nan, ciwon da ya wage baki har kina ganin kitse ko ƙashi, yatsan da ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba kya jin taɓi, cizon kare, sukar ƙusa mai tsatsa. Ɗinki an fi son a yi shi cikin awa 6 zuwa 8, kar ki ce sai maigida ya dawo da dare. Mai ciwon suga kuma ko ƙaramin yanka ne a ƙafa ya kai a duba.

In kin je asibitin ki biya ta kemis ki sayo bandeji, filasta da ƙaramin almakashi, ki zuba a tsohuwar robar bota mai murfi ki ajiye a kicin inda yara ba sa kaiwa, tun kafin aikin naman layya ya zo.