Wani ya ce zai kai ɗana Amurka buga ƙwallon kwando

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 16, yana aji biyar a sakandare, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Tun da ya fara zuwa kallon atisayen Gombe Bulls ba shi da zance sai ƙwallon kwando, karatu ma ya fara yi masa riƙon sakainar kashi. Yanzu wani ya zo ya ce in ba shi kuɗi zai samo masa kwaleji a Amurka, daga nan sai NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Mece ce shawararka?
Daga wani mahaifi, Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka ba mutumin nan ko sisi. Na taɓa horar da wani yaro a Bauchi, mahaifinsa ya sayar da gona saboda irin wannan alkawari. Wata uku yaron yana zuwa fili da fasfo a aljihun jakarsa, yana nuna wa abokai. Daga baya layin mutumin ya daina shiga. Har yau in na tuna ranar da ya zauna a gindin kwando ya kasa ɗaure takalmi, raina ɓaci yake. Kwalejin da ke son ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin karatunsa, kuma kafin a ga tsallensa sai an ga sakamakon WAEC ɗinsa.

Bari in ba ka labarin wanda nake yawan ba yarana, Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallo yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka. Da ya je Amurka ba wata shahararriyar jami'a ya samu ba, ƙaramar kwaleji ce mai karatun shekara biyu a garin Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, inda sanyin ya sa hunturunmu ya zama wasan yara. Daga nan ya koma wata jami'a a Montana, bai daɗe ba ya tsallaka Turai. Shekara kusan shida yana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, har da Ingila da Beljiyam. Haka rayuwar yawancin 'yan wasa take a waje: kwantiragin kaka ɗaya, in ka ji rauni ko koci ya canza, ka haɗa kayanka.

Ujiri bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Kuma ba abin kunya ba ne, domin sababbin da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba, daga duk duniya. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya shiga nemo wa ƙungiyar NBA ta Orlando Magic matasan 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. Ilimi da iya mu'amala suka ɗaga shi: a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA yana ƙungiyar Denver, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA yana shugabanta.

Ni dai ba na so ka hana yaron wasa, tsawo irin nasa baiwa ce daga Allah. Ku yi yarjejeniya: makaranta da safe, fili bayan la'asar, in sakamako ya faɗi a jingine ƙwallo sati biyu. Ka je da kanka ka gaisa da kocinsa, ka tambaye shi sansanonin horo na gaskiya, irin na Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003, da makarantar NBA da aka buɗe a Senegal. A riƙa ɗaukar bidiyon wasanninsa da waya, cikakken wasa, ba wurin da ya jefa ƙwallo kawai ba. Shi kuma mai neman kuɗin, ka ce ya kawo sunan kwalejin da na kocinta, ku rubuta musu da kanku.