Wanda ya kwaikwayi Macmillan a gaban idonsa

Malam, ka tambayi wane ɗan wasan barkwanci ne ya kwaikwayi firaministan Birtaniya alhali shi firaministan yana zaune cikin 'yan kallo. Peter Cook ne, firaministan kuwa Harold Macmillan.

Wasan shi ne Beyond the Fringe, wanda aka fara a bikin wasanni na birnin Edinburgh a watan Agustan 1960, ya koma Landan a 1961. 'Yan wasan su huɗu ne: Cook da Jonathan Miller daga jami'ar Cambridge, Alan Bennett da Dudley Moore daga jami'ar Oxford. Da Cook ya hango Macmillan, sai ya saki rubutun da ya haddace, ya shiga yi masa shaguɓe kai tsaye yana kwaikwayon muryarsa ta tsufa.

Ba ƙaramar kasada ba ce, domin har zuwa 1968 sai ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarautar Birtaniya, ya tace wasa kafin a hau dandamali. Shi ya sa Cook ya buɗe kulob ɗin The Establishment a unguwar Soho ta Landan, na mambobi kaɗai, inda dokar tacewa ba ta kai ba.