Da gaske ne ciwon daji ba ya son ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayata ta ji wani ƙullutu kamar gurjiya a mamanta na hagu, ba ya mata ciwo. A asibiti an ce sai an tsakuro ɗan nama an gwada, amma Gwaggonmu ta hana, wai in daji ne, da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya.

Da farko dai, ba kowane ƙari ne sankara, wato ciwon daji, ba. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa biyu su maye gurbinsu. A cikin kowace ƙwaya mai rabuwa akwai rubutaccen umarni, wanda ake kira DNA, mai gaya mata lokacin rabuwa da lokacin dakatawa. Duk sa'ad da za ta rabu sai ta kwafi rubutun nan, kuma mai kwafi ba ya rasa kuskure. Yawanci jiki yakan gyara, ko ya kashe ƙwayar. Amma idan kurakurai suka taru cikin shekaru har suka lalata birkin, sai ƙwaya ɗaya ta yi ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Tarin zuri'arta shi ne ƙarin da hannu ke ji.

Wani ƙarin mai ladabi ne: yana zaune cikin 'yar jakarsa, ba ya shiga gonar maƙwabci. Irinsa ya fi yawa a maman 'yan mata, mai santsi, kina taɓa shi yana zillewa. Sankara kuwa kutse take yi. Tana cin naman da ke kewaye da ita, ta janyo sababbin jijiyoyin jini su shayar da ita, sannan 'ya'yanta su ɓalle su bi jini ko hanyoyin kaluluwa. Shi ya sa likita ke lalubar hammata, domin nan ne yawanci zangonta na farko, kafin ƙashi, huhu ko hanta. Rashin ciwon da kika ambata ba ya wanke ƙullutun, sankarar mama da wuya ta yi ciwo a farkonta.

To, maganar Gwaggo. Ni ban ga laifinta ba, abin da idonta ya gani take faɗa: an yi wa wance aiki, bayan wata uku ta rasu. Abin da ba ta gani ba shi ne tun kafin wuƙa ta taɓa matar, cutar ta riga ta yi nisa. Kafin ƙari ya kai girman gurjiyar nan, ƙwayoyinsa sun ninka kusan sau 30, galibi cikin shekaru, shiru. Sai kuma a ƙara masa watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, a zo asibiti ya riga ya fashe. Jinkirin ne ya ba shi hanya, ƙarfe ya tarar da ɓarna ne kawai.

Gwajin kansa ɗan ƙaramin abu ne. Za a yi allurar kashe zafi, a sa wata allura a ɗebo nama siriri kamar tsinken tsintsiya, Yaya ta koma gida a ranar. Da madubin ƙara girma ne kaɗai ake rarrabe mai ladabi da mai kutse, hannu ba ya iyawa, ko da hannuna ne. In har sankara ce, naman nan ne zai nuna ko irin wadda sinadarin mata ke ciyarwa ce, wadda ƙwayar maganin tamoxifen ke yi wa aiki, ko tana buƙatar wani maganin.

Ku je da Gwaggo ranar gwajin, ta ga girman allurar da idonta.