Amsa kan finafinan Waliyyi Patrick: wanne za a haska wa matasa?

'Yar'uwa, kin tambaya wane fim ɗin Waliyyi Patrick, wanda ya yi wa'azin bishara a ƙasar Ayilan, ya dace ki haska wa matasan cocinku ranar 17 ga Maris, ranar tunawa da shi, kuma ko abin da ake nunawa a ciki tarihi ne. Na daɗe ina haska wa yaran katikisim irin waɗannan finafinai, bari in faɗa miki abin da na gani.

Biyu ne suka fi yawo a hannun mutane. Akwai St. Patrick: The Irish Legend na shekarar 2000, wanda Patrick Bergin ya fito a matsayin waliyyin, sai I Am Patrick na 2020, inda John Rhys-Davies ya fito a matsayinsa bayan ya tsufa. Yara sun fi son na farkon, ba musu, don akwai karawa da matsafa da korar macizai. Ni kuwa na biyun nake zaɓa, domin ya fi jingina da abin da mutumin ya rubuta da kansa.

Rubuce-rubucensa biyu kacal suka iso gare mu: Confessio, inda ya ba da labarin rayuwarsa, da wasiƙarsa ga sojojin wani shugaba mai suna Coroticus. Ba ɗan Ayilan ba ne. A Biritaniya ta zamanin mulkin Rumawa aka haife shi, mahaifinsa Calpurnius dikon ne, kakansa kuma firist. Yana wajen shekara 16 mahara suka sace shi, ya yi shekara 6 yana bauta da kiwo a Ayilan. Daga baya ya tsere, ya taka kimanin mil 200 kafin ya sami jirgin ruwa. Bayan ya koma gida ya yi mafarkin mutanen can suna kiransa, ya kuwa tashi ya koma ƙasar da aka bautar da shi.

To ki duba, babu maciji ko ɗaya a cikin rubutun nan. Masana sun ce tun bayan zamanin ƙanƙara tsibirin ba shi da macizai, kuma sai a wajen ƙarni na 12 labarin cewa shi ya kore su daga Ayilan ya bazu. Wutar Ista da ya kunna a tudun Slane don ƙalubalantar Sarki Lóegaire mai fada a wurin da ake kira Tara, daga littafin wani marubucin Ayilan mai suna Muirchú take, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 7, kusan shekara 200 bayan mutuwarsa. Ganyen nan mai kunne uku da ake cewa ya koyar da Triniti da shi, sai a ƙarni na 18 aka fara ganinsa a rubuce. Doguwar hular bishop ɗin da ake zana shi da ita ma ba a san ta ba a zamaninsa. Kuma ba shi ne farkon zuwa ba: a shekarar 431 Fafaroma Celestine ya tura Palladius ga Kiristocin da suke can tun da farko.

Ban ce a jefar da almara ba, kowace al'umma tana yi wa gwarzayenta ado. Damuwata ita ce abin da adon ke rufewa. Mutumin da ke cikin Confessio yana jin kunyar ƙarancin iliminsa na Latin. Ya taɓa sirranta wa amininsa wani zunubi da ya yi yana ɗan shekara 15, bayan shekara 30 aka tono maganar, manyan Ikilisiya suka tuhume shi da ita. A wasiƙar kuwa ransa a ɓace yake, domin sojojin Coroticus sun karkashe sabbin masu baftisma, suka kwashi sauran zuwa kasuwar bayi. Wanda ya ɗanɗani bauta ne ke magana. Duk lokacin da na karanta wa yara wannan sashe, tambayoyinsu sun fi na wurin macizai yawa da nauyi, musamman manyan cikinsu.

Kada ki manta ki gaya musu abin da ya haɗa mu da shi: tun 1961 shi ne waliyyin da aka ɗora Najeriya a ƙarƙashin kariyarsa, saboda yawan fadocin Ayilan da suka yi aikin mishan a nan.

In yaranki ƙanana ne, haska musu na 2000, amma ki riƙa tsayar da shi kina cewa wannan ƙari ne. In sun kai sakandare, na 2020 ya fi. Duka da Turanci suke, kuma karin harshen 'yan wasan kan yi wa yara wuya, don haka ki kunna rubutun ƙasa, ki kuma tanadi wanda zai riƙa fassara.