Ga ƙanwar da ta yi tambaya kan bikin Saraswati

Ƙanwata, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, don abin da kike gudu ni ya riga ya same ni. Kin ce 'yan hostel ɗinku suna karo-karon kuɗin Saraswati Puja, wato bikin da mabiya addinin Hindu suke yi na bautar Saraswati, sun ce ki ɗaura sari rawaya ki kawo littattafanki a ajiye gaban gunkin, ke kuma ba kya son ɓata musu rai, ba kya son abin da zai taɓa addininki.

Shekarata ta farko a birnin Kolkata na Indiya, bikin ya faɗo ranar 26 ga Janairu 2023, rana ɗaya da hutun ranar Jamhuriya. Na tashi na tarar an kafa rumfa a tsakar hostel, ga gunkin mace cikin farin sari, hannu huɗu, tana riƙe da littafi da wani abin kiɗa mai kama da babban molo da suke kira bina, ga farin tsuntsu kamar dinya a gefenta. A wurinsu ita ce mai ilimi da hikima da kiɗa, shi ya sa ɗalibai suka fi kowa ɗaukar ranar da zafi. Ranar ba a buɗe littafi sam. Har ƙananan yara ake kawowa a kama hannunsu su rubuta baƙin farko a allo.

'Yar ɗakinmu, yarinyar kirki wadda ta yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta ɗauki littafina ba ta tambaye ni ba ta haɗa da nata ta kai. A ganinta alheri ta yi min, don jarrabawa ta matso. A cikin littafin nan akwai 'yar takardar addu'a da Mama ta rubuta min da hannunta ranar da zan taso. Na fita a guje, na tarar da shi a ƙasan furanni, ana kaɗa ƙararrawa, hayaƙin turare ya cika rumfar. Ina sunkuyawa zan ɗauka, wata dattijuwa ta dangwala min jan gari a goshi kafin in ce uffan.

To a daidai nan wata 'yar uwarmu, Bahaushiya kamata, wadda muke cin tuwo a kwano ɗaya, ta ɗauke ni hoto. Ba ta zo ta ce min me ya faru ba. Kafin la'asar hoton ya isa gida ta WhatsApp, ni a sunkuye gaban gunki, goshina ja. Baba ya kira, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wannan na tura ki yi?" ya kashe. Kwana tara bai ɗauki wayata ba. Na goge goshina da sabulu har fatar ta saɓule, na yi kuka a kan sallaya har aka kira asuba. Ita kuwa wadda ta ɗauki hoton har yau ba ta ce in yi haƙuri ba, da muka haɗu wai ita tsoratar da ni ta so yi don Allah. Na yafe, amma har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Don haka ki yi magana tun yau, kar ki bari sai ranar. Ki zaunar da ƙawarki ki ce mata kina ƙaunarta, amma addininki bai yarda ki kai komai gaban gunki ba, kuma don Allah kar a taɓa littattafanki. Za su gane, Musulmi ba baƙi ba ne a gare su, da su suka taso. 'Yar ɗakinmu da na yi mata bayani kuka ta yi, shekara ta biyu da kanta ta tare masu zuwa karɓar kuɗi a ƙofarmu. Ni ba na ba da kuɗin, ba na cin abin da aka miƙa wa gunki, wanda suke ce wa prasad. In aka miƙo miki, ki dafa ƙirji ki yi murmushi ki ce na gode, kar ki yatsine fuska, abin yana da girma a zuciyarsu. Za ki ga magarya cike da faranti, irin tamu sak sai dai ta fi girma, 'yan Bengal, wato yankin da Kolkata take, da yawa ba sa cin ta sai an yi bikin. Ranar da na gan ta kewar gida ta kama ni ba kaɗan ba.

Kuma ki kira gida tun kafin ranar, ki faɗa wa iyayenki abin da za a yi da inda za ki kasance, da na yi haka da ban sha wannan wahalar ba. Ba ki faɗi garinku ba. In kudu kike, wajen Chennai, za ki sake haɗuwa da bikin a ƙarshen Nabaratri, wani bikinsu na dare tara, wajen Satumba ko Oktoba, a can ma ana ajiye littattafai. In kuwa Kolkata kike, ki yi min magana ta ciki, ranar ki taho ɗakina da littattafanki, ina da sauran kuka da daddawa da aka aiko min.