Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Karatun Ba Ya Zama?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a babbar sakandare. Nakan karanta darasi sau uku ko huɗu har in ji na iya, amma da an raba takardar jarrabawa sai komai ya ɓace mini. Ƙawata ba ta kai ni zama da littafi ba, amma kullum ta fi ni maki. Ko dai kaina ne ba ya ja?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, kanki lafiyarsa ƙalau, salon karatun ne ke buƙatar gyara. Idan ido ya bi shafi sau huɗu, yakan saba da kalmomin, sai mutum ya ɗauka ya iya. A ɗakin jarrabawa kuwa daga ka ake ciro amsa, ke kuma ba ki taɓa gwada cirowar ba.

Ki karanta shafi biyu ko uku, ki rufe littafin ruf, ki rubuta duk abin da kika tuna a takarda, da kalmominki. Sannan ki buɗe ki gwada. Abin da ya kuɓuce miki ki yi masa alama da jan biro, da shi za ki fara gobe. Da farko za ki ga takardar kusan wayam, har ranki ya ɓaci. Kada ki fasa, wannan wahalar tunowa ita ke kafa ilimi. Ɗalibai da yawa a nan suke komawa maimaita karatu, domin ya fi daɗi.

Sai bita. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Don haka ki waiwayi darasin washegari, sai bayan kwana uku, sai mako guda, sai wata guda. Minti goma ya isa kowace bita, muddin littafi a rufe yake.

A lissafi, kallon misalin da malami ya warware ba iyawa ba ne. Ki rufe shi ki warware da kanki. Idan kin faɗi, ki gano dalili: ƙa'idar ce ba ki gane ba, ko gaggawa ce, ko tambayar ce ba ki karanta da kyau ba? Kowanne maganinsa daban. Na farkon kuwa sai an cire kunya an ɗaga hannu a aji.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 kwana yake yana karatu idan jarrabawa ta matso, waya na gefensa. In ƙyale shi?
Daga wani mahaifi

Amsa: Malam, kada ka ƙyale shi. Likitoci na ba matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 shawarar barcin awa 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wayar a ajiye ta a wani ɗaki, kifa ta a kan tebur bai wadatar ba. Ya riƙa karatun minti 25, ya huta minti 5, bayan zagaye huɗu ya yi hutun kamar rabin awa. A tsayar masa da lokacin kwanciya tun makonni kafin jarrabawar.